Tukuicin Darekta

Asabar, 16 Nuwamba 2024

Malam, kana ji na? Wata huɗu ke nan da kat tahi. Ɗiyarmu Tahira ta koya mini rubutu cikin waya, tac ce in riƙa zuba magana nan in daina yi da bango. To ga ni.

Yau mutanen bankin da ɗanka ka aiki sunka zo Tsibiri gaisuwa, ko da ta yi latti. Su ukku da shi. Guda cikinsu, wani ramamme mai 'yar riga, shi yas sauko da buhun shinkahwa daga mota, yak kai har zaure yana haki. Nik kwance bakin zane, nid damƙa mai dala ɗari. Nic ce ɗana, ga tukuici, ka sayi goro. Ya amsa da hannu biyu, har da rusunawa.

Sai nig ga ɗanka ya juya yana kallon garka.

Litinin, 18 Nuwamba

Ashe ramammen nan darekta na. Babbansu duka.

Tahira tac ce Inna, mutumin da ka sa hannu a hidda miliyan ɗari! Nic ce to shi yad ɗauko buhun ko ba shi ba? Wanda yak kawo alheri ba shi komawa hannu banza, haka nit tashi nig gani. Ko na san shi na, da na ba shi. Ƙila dai da na ƙara dala hamsin.

Ta yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi. Rabona da dariya tun kana nan.

Jumma'a, 22 Nuwamba

Na tuƙa tuwon hatsi, miyar kuka da daddawa yadda ɗanka shika so. Ka san tun da yak koma Zariya cikin Maraɗi bai taɓa hwashin Jumma'a ba, daga masallaci sai nan. Yau har la'asar ba moto, ɗan babur ɗin nan nashi.

Lahadi, 1 Disamba

Tahira ta kunna mini muryoyin da aka ta turawa cikin wayoyin 'yan biro, wato ofishinsu. Wani ya maƙe murya irin tawa, ɗana ka sayi goro. Wani yac ce darekta ya buɗe ma dala ɗarin asusu, shekara dubu ta haihwar mai mota. Wai kowace sahiya sai ɗanka ya iske tsabar kuɗi bisa teburinshi, an rubuta ka kai ma patoro, wato darekta. Sun sa mai suna Ɗan Tukuici.

Yaron da yaƙ ƙare lakkwal, karatun boko, da kuɗin ƙuli-ƙulina, yas sa karabat a wuya irin ta ma'aikata. Ni nij ja mai wanga suna.

Wasu abin dariya na, ban ɓoye maka ba. Amma ban yi ba.

Jumma'a, 6 Disamba

Tuwo ya kwana.

Alhamis, 12 Disamba

Ya zo. Bai kashe moto ba ma sai da nic ce. Bai zamna ba. Yaz zaro dala ɗari sabuwa yaj aje bisa tabarma, yac ce Inna ga abinki. Nic ce darekta yam maido? Yac ce a'a, tashi tana nan, ya liƙa ta jikin bangon biro cikin gilashi, kowa yash shiga sai ya nuna mai. Wannan tawa ta.

Nic ce to in ya liƙa, ai ya ji daɗi. Yac ce Inna ba ki gane ba. Shi ado ta gare shi. Ni ka wucewa gabanta kullum.

Yac ce don Allah in wani nashi ya ƙara zuwa, in riƙe hannuna. Yaj juya yat tahi. Ka san ba ni iya kiran sunanshi, ɗan hwari, balle in ce mai zamna ka ci. Da kana nan da ka hwaɗi mai kalma guda ta ƙare.

Na ɗaure kuɗin bakin zane. Ban san mi za ni yi da su ba.

Jumma'a, 20 Disamba

Ban tuƙa ba. Hannu ka mini ciwo, shi ke nan.

Laraba, 25 Disamba

Kirsimeti, sallar su Maryamu maƙwabciyarmu. Ta kawo shinkahwa da kaza da kanta, kamar kowace shekara. Na juye, na wanke kwano, na miƙa mata. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa maida mata shi wayam ba, ko gujiya sai na zuba. Ta buɗe murhin ta duba, ta dube ni. Tac ce lahiya, maƙwabciya? Nic ce lahiya lau.

Ba komi ba na, Malam. Mantuwa ta. Hannuna ya kai bakin zane ya dawo da kanshi.

Yau ba a buɗe banki. Na ɗiba ma ɗanka cinyar kaza na ruhe, ba don ina jira ba, don dai

Ana buga ƙohwa. Sallamarshi ta, kuma da wata murya tare da shi. Na kwance dala ɗarin na tura ƙarƙashin tabarma, na taka da ƙahwa. Bari in