A Gefen Kwali Na Liƙa

Yaya,

Na wuce sito tun ba ka tashi ba, gara ka fara ji daga bakina.

Jiya manaja ya ce in liƙa alamar haɗari a gindin kwalayen ruwan batir guda arba'in, wai direbobi na ƙin ɗauka in sun gan ta. Na ce ƙa'ida a gefe ake sawa, kusa da sunan kayan, kuma ba a rufe ta da salatif. Ya ce, "Ke za ki koya mini aiki?" Na ce a'a, amma 'yan dakonmu ba su iya karatu ba, hoton hannun da ruwa ke ci shi ke hana su ɗora kwalin a ka. Duka arba'in ɗin na liƙa a gefe, yana tsaye yana kallo.

Na san abokinka ne, kuma kai ka sama mini aikin. Zai kira ka. Don Allah kada ka ba shi haƙuri a madadina, ban yi laifi ba. In korata zai yi, ya kora. Alamun kuwa sai dai ya ɓare su da hannunsa.

Ƙanwarka