Famfon da Inna ke Ɗaure Akuya

Zariya

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna, da fatan shanu suna lafiya. Albishirinka! Binciken da na yi a jami'a kan ruwan unguwarmu, Unguwar Rogo, wanda ya daɗe a ajiye yana shan ƙura, wani sabon injiniyan hukumar ruwa ya karanta shi, ya ce za su yi aiki da shi. Na nuna musu cewa ruwan yana tsiyayewa a hanya ne, shi ya sa ba ya isowa gidaje. Murna ta hana ni cin abinci. A sa mini albarka.

'Yarka,
Wasila

*

Sakkwato

Ɗiyata Wasila,

Wa alaikis salam. Mun ga aikin naki da idonmu. Jiya ma'aikata sunka zo da takardarki a hannu, sunka tone fasasshen bututun bayan gida, sunka liƙe shi tsaf. Kin manta nan ne shanuna ke shan ruwa tun kina goye? Ga Sallah tahe, shanu na kallona ina kallonsu. In sunka rame wa za ya saye su? Muntari mahauci har da ce mini, "Alhaji, da shanu anka yi karatun nan, ga shi ya hana su ruwa." Raina ya ɓaci ƙwarai. Ki gaya mini, cikin takardar taki akwai inda kinka ambaci shanu?

Allah shi yi miki albarka duk da haka.

Babanki,
Sodangi

*

Baba,

Ina gaisuwa, kaina a ƙasa. Babu shanu a ciki. A taswirata wurin nan ɗan jan ɗigo ne kawai, alamar ɓarna. Don Allah kada ka karyar da shanun tukuna. Ka buɗe famfon tsakar gida, wanda Inna ke ɗaure akuya a jikinsa, ka bar shi a buɗe. Na san ya bushe tun ina firamare. Amma tunda an liƙe bututun, ina fatan ruwa zai iso.

A gafarce ni.

Wasila

*

Ɗiyata,

Gaisuwa mai yawa. Yau da hantsi famfon nan ya yi tari kamar tsoho. Akuya ta tsinke igiya ta auka ɗaki. Sai ruwa! Ya jiƙe geron da anka shanya, Innarki ko a jikinta, guɗa kawai take yi, maƙwabta na amsawa daga gidajensu. Na ja tiyo zuwa ƙohwar gida, shanu sun sha har sun kwanta. Muntari ya zo da bokiti biyu, yana ta gaya wa mutane shi ya yi miki yankan suna.

In za ki sake rubutu, ki sa shanu. Ki sa akuya ma, don yanzu ba mu da wurin ɗaure ta.

Allah shi ƙara basira.

Babanki