Wa Ya Taɓa Mini Babur?

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya aikin hanya? Tunda waya ba ta shiga dajin naku, ga takarda ta hannun direban kamfaninku.

Na dawo daga kwas ɗin ungozoma ranar Talata, ranar Litinin ta sama zan koma asibiti. Babur ɗina roba-roba da na bari wata biyar a shagon Baba Tela ya ƙi tashi. Na danna sitata, shiru. Na yi kik har cinyata ta yi tsami, ko tari bai yi ba. Lafiyarsa ƙalau na kai shi, kai shaida ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsabtarsa. Abin da aka ajiye wata biyar, a ce ko yanar gizo babu? Kuma kusoshin murfin gefe duk sun ƙwarzane, kamar an kwance su da abin da ba sukundireba ba. Na san Baba Tela aminin marigayi Baba ne, na san shi ya yi ta ɗawainiya da mu. Amma shago wurin shige da fice ne, ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ka gaida abokan aiki.
Autarku

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Sannu da dawowa, uwar gaggawa. Injin da ya yi wata biyar a zaune dole ya yi fushi, ba sai an taɓa shi ba. Ki bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Kunna makulli ki danna hon, in muryarsa ta shaƙe batir ne, ki kai caji. Ki sunsuna tanki, in fetur ɗin yana wari kamar tsohon fenti ki tsiyaye shi duka, har wanda ya kwanta a kafireta, ki zuba sabo. Sannan ki kwance fulogi, ki jingina shi da jikin inji ki yi kik, ki ga ko yana ba da wuta.

Maganar tsabta kuwa, in an bar shi da datti ki yi mita, an goge kin yi mita. Don Allah ki kama bakinki har in ji sakamako.

Ki gaida Inna.
Yayanki

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, duk na yi. Batir ya sha caji, fetur sabo, fulogi yana ba da wuta shuɗiya. Sai ya yi tari sau biyu ya mutu. Kuma da na kwance fulogin, jiƙe yake da wani farin mai tsinkakke wanda ba na inji ba. To wa ya zuba? Mai facin bakin layi ya ce ya sha ganin Baba Tela durƙushe a gindin babur ɗin da safe, murfi a buɗe.

Kada ka yi mini faɗa, na riga na je. Na same shi da masu karɓar ɗinki su uku, na ce, "Baba, me aka cire a babur ɗina?" Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Cirewa kika ce?" Na ce eh, in ma an canza wani abu ne a faɗa mini in sani. Sai kawai ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa. Mai gaskiya ai da ya kare kansa.

Auta

*

Auta,

Wallahi kin ɓata mini rai. Mutumin da ya ɗinka miki kayan makaranta shekara goma sha biyu bai taɓa karɓar ko sisi ba, shi kika tsayar gaban mutane? Abin da zai sata a roba-robanki nawa yake?

Injin da ke tari yana mutuwa numfashi ya rasa. Ki haska cikin salansa da tocilan, wani lokaci zanzaro kan yi gini a ciki. Ki zura waya ki ji.

Ba ni da abin da zan ƙara.
Yayanki

*

Yaya,

Ina wuni. Ban san ta inda zan fara ba. Na zura wayar, sai ta kamo zare. Da na jawo, wani ɗan matashi ne kamar babban yatsa, an ɗinke shi da baƙin yadi, an cusa masa ƙyallaye, har da kalmasa a bakinsa. Daidai ramin salansar aka auna shi. Ɗinkin Baba Tela ne, ko a mafarki na san hannunsa.

Inna ta ce tun watan farko ya ga ɓera ya shiga, shi ne ya toshe. Farin man kuma na keken ɗinki ne. Duk sati in ya ba kekensa mai sai ya ɗiga wa babur ɗin, wai kada ya yi tsatsa kafin in dawo. Da tsinin almakashi yake kwance kusoshin.

Kunya kamar in nutse. Na je shagon da safe na durƙusa, ya amsa gaisuwa bai ɗago ba, ya ce yana da aikin gaggawa. Babur ɗin yanzu yana tashi, amma ina murɗa wuta sai ya mutu. Gobe Litinin, ni kuwa ba ta shi nake ba. Ka rubuto masa, kai yana jin maganarka.

Autarka

*

Zuwa ga 'yata,

Bayan sallama da fatan alheri. Na ji an ce babur ɗin yana tashi yana mutuwa. Akwai matashi na biyu a ƙarƙashin kujera, a bakin inda yake shaƙar iska. Ja ne, zarensa yana hagu, ki jawo a hankali. Tsufa ya sa na manta ban faɗa ba ran da kika ɗauka, ranar da kika zo tambaya kuma bakina ne ya yi nauyi. Ban san man keken zai yi masa illa ba, ki yafe mini wannan.

Na yafe miki, har ga Allah. Sai dai nan gaba in za ki yi tafiya, ki nema masa wani wurin ajiya.

Allah ya tsare hanya.
Tela