Miyar Hansai da Aka Fitar daga Firiza

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Wutar Sola na garinmu.

Assalamu alaikum. Alhaji, ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali lafiya, an kuma yi girbi lafiya. Tare muka yi makarantar allo, ka san ni ba mai kai ƙara ba ne. Amma sau biyu ina zuwa zaurenka ban same ka ba, shi ya sa na rubuta wannan a fili.

Na farko, bari ka ji abin da ke cikin robobin da nake kuka a kansu. Farkon kaka 'yarmu Bilki ta haihu a Bacirawa, can Kano, mai ɗakina Hansai za ta je ta zauna mata kwana arba'in. Gidan sai ni kaɗai. Bilki ce ta ce a dafa mini miya mai yawa a kai firizar ƙungiyar mata, wadda kwamitinku ke ba wuta. Na yi dariya, don tun tasowarmu miyar da ta kwana biyu ta awaki ce. Hansai ta wuni tana dafa miyar taushe: kabewar bayan gidanmu, alayyahu, yakuwa, niƙaƙƙiyar gyaɗa, da daddawar da ta yi da hannunta. Ta bari ta huce, ta zuba roba goma sha biyu, kowace ta bar mata fili a sama, wai miya kumbura take in ta daskare.

Ranar da na karɓo ta farko, sai da na zauna. Alhaji, dutse! Na ƙwanƙwasa ta da cokali tana amsawa. Ga ganyen alayyahu a tsaye a ciki, kore shar. Na tsoma robar a ruwa kamar yadda aka koya mini, dunƙulen ya sulɓe cikin tukunya, na hura wuta kaɗan, ni da ban taɓa ɗora girki ba. Tana narkewa tana tashi, har ta tafasa sosai. Ƙamshin ya cika gida har na waiga ɗakin Hansai, alhali na san tana Kano. Na ce tsarki ya tabbata ga Wanda Ya hore wa sanyi ya tsayar da lalacewa. Rana ce fa, wadda ke ruɓar mana da abinci, aka kama a faranti a kan rufi, ita ke haifar da ƙanƙarar nan. Har yau in na tuna sai jikina ya yi yar.

Na biyu. Mako na uku da tafiyarta, Hansai ta faɗi, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Likita ya ce da wuya hannun ya sake riƙe ludayi. Aka dawo mini da ita, ba ta son cin komai. A lokacin saura roba shida. Na ɗumama ɗaya, maƙwabciya ta tuƙa tuwo, na ba ta a baki. Ta daɗe tana juya loma, sannan da harshenta mai nauyi ta ce, “Wa ya yi wannan? Gishiri ya yi kaɗan.” Na ce ke kika yi. Hawaye na zuba, ta cinye tas. Mace tana kwance, ga girkin hannunta na makonnin baya ya zo yana ciyar da ita. Wannan ba ikon Allah ba ne? Daga nan na ƙudura sai ran Juma'a kaɗai za mu taɓa sauran.

Na uku, shi ne kukana. Ranar kasuwar Ɗambatta da ta wuce, kwamitinku ya ba da umarni a daina ajiye dafaffen abinci, a cika firizar da ruwan leda da lemo. Ba a yi shela ba, ba a aiko ba, alhali sunana yana rubuce a kan kowane murfi, gidana kuma bai kai taku ɗari daga wurin ba. Ina gona ina ɗaurin dawa aka fito da robobi huɗun da suka rage, aka jera su a gindin katanga tun hantsi. Da na iso bayan la'asar sun narke, sun yi kumfa, sun yi tsami. Na zubar da su a bayan gari. Har yau ban iya faɗa wa Hansai ba; Juma'ar da ta wuce na ce mata itace ne ya jiƙe.

Ba diyya nake nema ba, don babu mai iya biyan wannan. Abin da nake roƙo shi ne, a ware ko da kwando ɗaya a firizar don marasa lafiya da tsofaffi da masu jego. In kuma za a fitar da kayan wani, a faɗa masa kwana ɗaya kafin nan. Ni'imar da iyayenmu ba su gani ba ta zo mana. Kada mu mai da ita ta masu ƙishirwar kasuwa kaɗai.

Roƙona na ƙarshe, Alhaji: ka zo ka duba Hansai. Ka raka ni mu faɗa mata tare, don ni kaɗai na kasa.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon adalci, Ya bar hannun iyalinka da lafiya.

Wassalam.

Naka, Malam Garba manomi, Unguwar Gabas.