Ba Wanda Ya Yi Min Amshi

Yaya Misbahu,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna? Ya kamun kifi bana? Mu nan Woodbridge lafiya lau, sai sanyin ƙasar Turawa.

Jiya a wajen suna na ɗauki kalangun marigayi Baba, na rera waƙarsa ta masunta. Da na kai wurin amshi na dakata, sai jama'a suka hau tafi, sun ɗauka na gama. Har ɗana Khalil ya tafa. Ba komai, ni ma na yi dariya.

Don Allah ka ɗauko min muryar 'yan amshin Baba ukun nan a waya. Amshin kawai, su riƙa bar min gurbina in cike a mota. Kada ka bari sai bayan damina. Bara su biyar ne.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Almu