Ruwan da Mahaifiyarki Ta Ƙi Sha

Zuwa ga 'yata, Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Mu nan alhamdulillahi, sai dai zafin bana, wanda tun da na yi wayo ban ga irinsa ba. Telan bakin titi, wanda ya ɗinka miki kayan makaranta, an same shi kife a kan kekensa da azahar, rai ya yi halinsa. Tsofaffi da dama sun bi shi, Allah ya jiƙan su.

Na ji kin ce za ki aiko a ɗauke mahaifiyarki zuwa wurinki, tunda ta faɗi a tsakar gida. Ki saurare ni tukuna. A asibiti, inda marasa lafiya suke kwance har baranda, likita ya ce jikinta ne ya bushe, kuma da mun ƙara jinkiri da ƙoda ta taɓu. Abin ya ɗaure mini kai, don ga ruwa nan a ƙofar ɗakinta. Da muka dawo na yi ta lallaɓa ta, har ta faɗa mini, tana hararata, cewa da gangan ta rage sha. Ɗakinta yana sama, banɗaki yana ƙasa, gwiwoyinta kuwa ba sa shiri da matakala. Wai gara ƙishirwa da hawa da sauka. Kin ji dabarar tsufa! Ashe ƙawayenta ma haka suke yi.

Na kwashe tarkacena daga ɗakin ƙasa, wanda ke jikin banɗaki, aka sauko da gadonta. Ta ce ba za ta sha ba sai na sha, don ba ta yarda da mai ba da maganin da bai ɗanɗana ba. To, yanzu kofi ɗaya nata, ɗaya nawa. Fuskarta ta ciko, bakinta ya dawo, har ta fara yi mini faɗa kamar da. Saboda haka ki kwantar da hankalinki, ki bar mini matata.

Ki gaida maigidanki, da 'yan biyu, da takwarana sarkin ƙiriniya. Yayanki da gwaggonki suna gaishe ki. Zan tsaya a nan, don ruwan da na sha ya fara kirana, ga shi kuma ta riga ni shiga.

Naki har kullum,
Mahaifinki