Ɗakin da Ke Kulle a Saman Gidan Ruwais

Ruwais, Jidda.

Zuwa ga ƙanena Na'ibi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk 'yan'uwa na Sakkwato. Mu nan sai godiya. Yaya Mastura tana nan, idon ya tafi gaba ɗaya kamar yadda ka sani, amma kunne da baki sun fi na kowa aiki a gidan. Uwargidana Latifatu gwiwa ta matsa mata, likita ya hana ta hawan bene, ita kuma ta hana mu gaya wa likita tana hawa. Ɗana Thamer, wanda ka bari ko gemu bai tsiro ba, yanzu magidanci ne, yana aiki a tashar jiragen ruwa. Za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya. To, na kira ka a kan maganar nan ba sau ɗaya ba, amma da na ji muryarka sai in ɓuge da tambayar damina da farashin gero. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba wani ɗan umara na wajenku ya kai maka hannu da hannu.

Shekarun baya ina zaune wurin mai shayi a Bab Makka, na ji wani yana cewa wai banki ba ya ba da bashin sayen gida sai in gidan yana da rodi a jikinsa, wai gidan dutsen teku irin namu a wurinsu ko gida ba a kiransa. Dariya na yi, na ce da shi ya sha shayinsa kafin ya huce. Gidan da ya ga ruwan da ya ci Jidda bai ko tsage ba, shi ne wani yaro mai alƙalami zai ce ba gida ba ne? Na tashi na manta da zancen, don a lokacin ban ga abin da zai haɗa ni da banki ba.

Abin da ya haɗa mu shi ne rasuwar Amm Abdulghaffar, mai gidan da muke haya tun zamanin Baba. 'Ya'yansa sun zauna rabon gado, sun ce sayarwa za su yi. Ban ga laifinsu ba, sun ma yi mana kara, suka ce mu ne farkon waɗanda za a yi wa tayi, amma su ji ta bakinmu kafin azumi. Ka san tun da aka yi rusau a unguwanni haya ta yi tashin da talaka ba ya kamo ta. Kuma ko an samu wani wurin, ina zan kai Yaya Mastura? Da tafin hannu ta san gidan nan. Ta san inda bango ya yi ƙusumbi kusa da kicin, ta san matakalar da ta fi sauran tsawo. In ka sa ta a hawa na biyar cikin gidan da ko'ina santsi ne, ka kulle ta ke nan a kan gado har ranar da za a ɗauke ta.

Sai Thamer ya ce zai nemi bashi da albashinsa, irin wanda masu banki za su sayi gidan su sayar masa yana biya wata-wata. Ya ɗauki takardu ya shiga gari. Bankin farko da suka ji shekarun gidan ko shayi ba su bari ya ƙarasa ba. Na biyu suka tambaye shi ginshiƙi nawa ne na siminti da rodi, ya ce babu, dutsen teku ne da katako a jere cikin bango, rufin kuma itace ne irin azarar can gida. Suka ce in ya biya rabin bashi gidan ya zauna, me za su kama? Haka ya yi ta yawo har ya rame, sai daga baya wani kamfanin ba da bashin gidaje ya ce zai duba, da sharaɗin muhandis ɗinsu, wato injiniyan gini, ya zo ya ga ginin da idonsa.

Mu kuwa da muka ji mutum zai zo, sai muka ɗauke shi baƙo. Latifatu ta sa aka wanke gida, aka turara shi, aka dafa gahawa, har waina ta soya. Yaro ne mai ladabi, ya ci ya yi godiya, ya bi bangon ƙasa yana ƙwanƙwasawa yana sa kunne kamar mai sayen kankana. Da na ga fuskarsa ba ta nuna komai ba, sai na ce bari in nuna masa abin da zai ƙara wa gidan daraja. Na ja shi sama, na nuna masa ɗakunan nan uku. Na ba shi labari tiryan-tiryan, yadda Baba yake ɗora wa kowane ɗa ɗaki in ya yi aure, yadda Amm Abdulghaffar ya ce mu gina abinmu muddin ba zai faɗa wa maƙwabta ba. Na ce masa gida mai albarka da haka ake gane shi, sama yake yi. Har na bugi bango na ce ya ji, wannan bulo ne da siminti, ba irin tsohon ginin ƙasa ba. Thamer yana ta taka min ƙafa, ni kuwa na zaci matsin matakala ne. Mutumin yana rubutu, ni ina murna wai kuɗi yake ƙarawa.

Da ya zo ƙofar ɗakinka ya ga kwado, ya ce a buɗe. Na ce mai ɗakin ya yi tafiya. Ya tambayi yaushe zai dawo, na ce ranar da Allah Ya nufa. Ya dube ni, ya dubi tsatsar da ke jikin kwadon, ya ci gaba da rubutunsa.

Amsarsu ta zo, kuma ba inda na yi zato ta ɓullo ba. Dutsen da nake jin tsoro sun ce lafiyarsa lau, za su karɓe shi in Thamer ya ƙara kuɗin da zai fara ajiyewa, kuma ya ce zai iya. Abin da na yi alfahari da shi, shi ne matsalar. Sun ce bulo ya yi wa tsohon itacen rufi nauyi, har ya fara lanƙwasa a saman ɗakin Yaya Mastura. Kuma a zanen gidan da ke ofishin baladiyya, wato hukumar gari, babu ɗakunan nan, fili ne kawai. Sharaɗinsu shi ne a sauke ukun duka, gida ya koma yadda yake a zane, muhandis ya dawo ya gani, sannan su sa hannu. Thamer ya ce ko ban ja shi ba dole ya hau, kada in damu kaina. Na san lallashina yake yi, na kuma karɓa.

Ɗakina ba magana, tuni na kwashe tarkacen da ke ciki. Na marigayi ɗan'uwanmu Sa'ud 'ya'yansa sun ce a rushe. Saura naka. Na'ibi, ban manta ranar da ka kulle shi ba, bayan mun dawo daga binne matarka Hind. Ka sa makullin a aljihu, ka ce kada wanda ya taɓa maka, nan za ka dawo ka ƙarasa kwanakinka kusa da Ɗakin Allah. Tun daga ranar ko gizo-gizon bakin ƙofar ba a sharewa sai an tambaye ni. Haka aka rene mu, ɗakin matafiyi ba a buɗe shi a bayansa, don buɗewar tamkar an cire rai da dawowarsa ne.

A kan wannan muka sami saɓani da Thamer, irin wanda ba mu taɓa yi ba. Ya zo da masu aiki da guduma ba tare da ya gaya min ba, na tare matakala na zauna. Ka san shi, in ransa ya ɓaci Hausar ƙare masa take yi, sai ya juye Larabci. Ya ce Baffa ya yi aure a can, ya haifi 'ya'ya, ya gina gida, shekara nawa ko umara bai zo ba, magana ta ƙare, a fasa kwado, a zuba kayan ɗakin a akwati, a sayi sabon kwado a sa masa. Ya ce shi zai ɗauki bashin da zai biya har furfura ta fito masa, amma ana so ya rasa gidan saboda ɗakin da ɓeraye kaɗai ke kwana a ciki. Na ce masa ban musa ko ɗaya ba, amma ba da hannuna ba, ba kuma ina kallo ba. Ya sallami masu aikin, ya biya su kuɗin ranar a banza. Tun daga nan yana gaishe ni safe da yamma kamar yadda ya saba, sai dai ba ya zama. Abin da ya fi ɗaure min kai Yaya Mastura ce. Ita ce itacen yake lanƙwasa a kanta, ita ce za ta rasa wurin zama, amma da ta ji ƙarar guduma a tsakar gida sai ta ɗaga murya ta ce duk wanda ya fasa ƙofar Na'ibi ba da yawunta ba.

To ga abin da nake roƙo. Ka ba mu izini da bakinka, ko da saƙon murya ne, in kunna wa Yaya ta ji. Ka faɗi abin da za a yi da kayan Hind da ke ciki, a aiko maka ko a ba danginta na unguwar Mahjar ko a yi mata sadaka da su. Ni da kaina zan shiga in kwashe, ba ɗan aiki ba. Kuma kada ka ɗauka an rufe maka ƙofa. Na gaya wa Thamer, ya kuma amsa duk da fushinsa, cewa ɗakin da ke kusa da nawa a ƙasa naka ne duk ranar da ka sauka, har ma ya fi maka, don ban san yadda gwiwarka take ba yanzu. In kuma ka ce a'a, ka faɗa min a fili, ba zan riƙe ka ba. Shiru ne kawai ba zan iya da shi ba, don ban san abin da zan yi ba in watan azumi ya tsaya ina zaune a kan matakala, ɗana yana tsaye a ƙasa.

Ka gaida amaryarka Hajiya Asabe da yara, musamman takwarana. Ka gaida Baffa Ɗanjuma in yana gane mutane, da Inna Kulu, da Malam Bello maƙwabcinka da ya karɓe ni da mutunci wancan zuwan. Latifatu tana gaisuwa, Thamer ma ya ce in gaida Baffa, ya faɗa yana kallon bango amma ya faɗa.

Ban so in ɗaga maka hankali ba, amma gara ka sani. Ana ta cewa magadan sun fara nuna gidan ga wani mai gina benaye, ko da mun kasa. Mai kanti ya faɗa min na share, limami ya faɗa min na ce jita-jita ce. Shekaranjiya ina dawowa daga azahar aka ce min wasu mutane sun zo lungu, sun ja awo daga ƙofarmu zuwa kwana, ɗaya yana cewa wannan aikin yini guda ne ga katafila. Wadda ta gaya min Yaya Mastura ce, tana zaune bakin taga ta ji su da kunnenta. Da ta gama faɗa sai ta tambaye ni ko na rubuta wa Na'ibi.

Wassalam, Allah Ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Abduljalil